ƘURA DA HAYAƘI A ƊAKI: YADDA AKE ZAƁEN NA'URAR TACE ISKA MAI ƘARKO

Kowace shekara daga watan Nuwamba zuwa Maris hunturu yana sauko mana da hazo. Yawancin wannan ƙura daga arewa maso gabas take tasowa, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda masana suka ce babu inda ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Iska ce ke kwaso ta, ta ratsa Damagaram da Maraɗi da Tawa har Yamai. A wannan lokaci ne likita ke cika da masu tari da mura da ciwon ido. Masu fuka, wato asma, da waɗanda jikinsu ba ya shiri da ƙura, su ne suka fi shan wahala: atishawa, yoyon hanci, ƙaiƙayin ido, ga rashin barci.

Bayan ƙura akwai hayaƙi. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3 da dubu 200, kuma babban dalilin shi ne girki da itace da gawayi da kashin dabbobi. Mata da ƙananan yara su ne a gaba.

Saboda haka wasu magidanta suka fara sayen na'urar tace iska, wasu kuma ƴaƴansu da ke ci-rani ne ke aiko musu. To amma kuɗinta ba kaɗan ba ne. Kafin mutum ya saida rago ko buhun gero don ya saya, ya kamata ya san abin da zai duba.

Yaya take aiki?

Na'urar ba wani abin mamaki ba ce. Akwati ne mai fanka a ciki. Fankar tana jawo iskar ɗaki, ta tura ta cikin rariya, sannan ta fito da ita a tace, kamar yadda uwargida ke tankaɗe gari. Mai kyau tana da rariya 3.

Ta farko raga ce mai kama gashi da zare da manyan ƙura. Ita ana cire ta a wanke.

Ta biyu ita ce zuciyar aikin. A jikin kwali za ku ga an rubuta HEPA. An ƙirƙiro irinta a shekarun 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu. Bisa ma'aunin Amurka, cikin ƙwayoyin ƙura 10.000 masu ƙanƙantar da ido ba ya gani, 3 kaɗai ke iya wuce ta. Ita ce ke kama ƙurar hunturu da garin furen tsirrai da toka mai laushi ta hayaƙi.

Ta uku ta gawayi ce, gawayin da aka gyara musamman har ya yi ƴan ramuka masu yawa. Ita ce ke shanye wari. Ku lura da kyau: HEPA ba ta kama wari, gawayi kuma ba ya kama ƙura. Wanda ke son maganin abu biyun, sai ya nemi mai duka biyun.

Abubuwa 5 da za a duba kafin a biya

1. Rariyar canji. Wannan shi ne babban sirrin ƙarko. Fanka tana iya yin shekaru tana juyawa, amma rariya toshewa take yi. Masu ƙera ta sukan ce a canza ta bayan wata 6 zuwa 12, amma a ƙasarmu mai ƙura tana iya cika kafin nan. Ka tambayi mai kanti: "Akwai rariyar canji? Nawa ce? Nuna mini ita." Idan babu a kasuwar Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, sai an yi aike ƙasar waje, to ka sani bayan shekara 1 fanka kawai ka saya. Ka haɗa kuɗin na'ura da na rariyar shekara 3, shi ne ainihin farashinta. Araha ba ta ado.

2. Girman ɗaki. A kwali akwai haruffa CADR da lamba kusa da su. Lambar tana nuna yawan iskar da na'urar ke tacewa cikin awa 1. Ga lissafi mai sauƙi, irin wanda muke yi a ajin yaƙi da jahilci. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗi mita 4, bisa mita 3: 4 sau 4 sau 3, ya ba da 48. Ana son iskar ɗakin ta ratsa na'urar kamar sau 5 a awa: 48 sau 5, ya ba da 240. Ke nan a nemi mai lamba wajen 240, a tabbata kuma da mita aka yi awon. Ƙarama a babban ɗaki ɓarnar kuɗi ce.

3. Nauyin gawayi. Wasu na'urori ɗan baƙin ƙyalle kawai ke cikinsu, kwana kaɗan ya daina shan wari. Ka ɗaga rariyar ka girgiza. Idan ka ji nauyi, ka ji ƙwayoyin gawayi suna motsi, wannan za ta daɗe.

4. Wutar lantarki. Wutar ƙasarmu bolt 220 ce, ta Amurka kuwa 120. Na'urar da aka ƙera don Amurka, idan aka jona ta kai tsaye, ƙonewa za ta yi. A karanta bayanta tukuna. Tun da wuta tana ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, mai maɓalli na hannu ta fi mai fitilu da dannawa da yawa jurewa, kuma mai gyaran fanka na unguwa zai iya duba ta. Mai cin wat 40, idan ta yi awa 10 kullum, kilowat-awa 12 za ta ci a wata. Mai faifan hasken rana da batir ya yi wannan lissafi kafin ya saya.

5. A guji mai fitar da ozon. Akwai waɗanda ake talla cewa suna kashe wari ba tare da rariya ba. Wasunsu wata iska suke fitarwa mai suna ozon, wadda ke ƙona maƙogwaro da huhu, tana kuma tayar da fuka. Tun a shekarar 2007 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar taƙaita irin waɗannan na'urori. Kada a kai su ɗakin da mutane ke kwana.

Yadda ake kula da ita

A ajiye ta a ɗakin barcin mai ciwon, nesa kaɗan da bango, kada a rufe ta da zane. A rufe ƙofa da taga lokacin da take aiki, domin ba za ta iya tace hazon gari duka ba. A lokacin hunturu a wanke ragar farko kowane mako, a bari ta bushe sarai kafin a mayar. Rariyar HEPA kuwa ba a wanke ta, ruwa yana lalata ta. Idan ta yi baƙi, iska ta rage fita, sai canji.

Gargaɗi mai muhimmanci

A lokacin sanyi wasu suna shiga ɗaki da kaskon wuta su rufe ƙofa. Garwashi yana fitar da wata iskar guba marar wari marar launi, mai kashe mutum cikin barci. Na'urar tace iska ba ta kama wannan guba. Ko kana da na'ura, kada ka kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

Haka kuma na'urar ba magani ba ce. Mai fuka ya ci gaba da zuwa likita, ya riƙe maganinsa kusa. Yaron da numfashinsa ke sauri, ƙirjinsa na lotsawa, a kai shi likita nan take.

Wanda ba shi da hali fa?

Yawancin ƙauyukanmu babu wutar lantarki, amma akwai abin yi wanda ba ya cin ko dala. A yi girki a waje ko a madafa mai tagogi, a nisanta jariri daga murhu. A yi aiki da busasshen itace. Murhun zamani irin Mai Sauƙi yana rage cin itace, mai halin gas kuma ya koma gas. A yayyafa ruwa kafin shara. A shanya tabarma da katifa da bargo a rana. A raba ɗakin kwana da awaki da kaji. Turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa su ma hayaƙi ne: turare rufe wari yake yi, ba ya kawar da shi, don haka a rage su a ɗakin mai fuka, a kwana cikin gidan sauro. Mai shan taba ya fita waje.

Ko wanda ya sayi na'ura, idan ya bi waɗannan shawarwari, rariyarsa za ta fi daɗewa, kuɗinsa ya huta. Rigakafi ya fi magani.

Ƴan uwa da kuka iya karatu, ku karanta wa maƙwabta wannan bayani a dandali da wurin taron mata. Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu damina lafiya.