3.2 Tasirin Nau'in Yumɓu da Gishiri a kan Ruɓaɓɓen Takin Ƙasa

Abin da ake nufi da ruɓaɓɓen taki a nan shi ne ragowar ganyaye da saiwoyi da kashin dabbobi waɗanda suka ruɓe suka gauraye da ƙasa. Manomi yana iya kai taki gonarsa, amma ƙasar ce ke da ikon riƙe shi ko sakinsa. Abubuwa biyu ne ke kan gaba wajen wannan, wato nau'in yumɓu da kuma yawan gishiri.

3.2.1 Nau'in Yumɓu

Ƙwayoyin yumɓu suna manne wa taki, su ɓoye shi daga ƙwayoyin halittar da ke cinye shi. Sai dai yumɓu iri-iri ne. A gonakin tudu na ƙasar Hausa, ɗan yumɓun da ke cikin rairayi galibi kawolin ne, wanda ba ya kumbura kuma riƙonsa ba shi da ƙarfi. Wannan, haɗe da zafin rana, shi ya sa takin da ke cikin irin wannan ƙasa sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa kuma ake kai mata taki kowace shekara. Ita kuwa baƙar laka ta firki da ke kusa da Tafkin Chadi, inda ake dasa dawar masakwa, yumɓunta simektait ne. Yana kumbura da damina, ya tsattsage da rani, kuma riƙonsa ya ninka na kawolin sau da yawa.

3.2.2 Gishiri

Gishiri yana taruwa ne a inda ruwa ke kwanciya rana ta ƙafar da shi, kamar fadamu da filayen noman rani marasa magudanar ruwa. Masana suna kiran ƙasa mai gishiri idan awonta ya wuce disisimen 4 a kowace mita. A irin wannan ƙasa shuka tana tsumburewa, don haka karmami da saiwar da za su koma su zama taki sai su yi ƙaranci.

Illar kanwa ta fi ta gishiri muni. Sinadarin kalsiyam shi ne ke haɗa taki da yumɓu tamkar gada. Idan sodiyam na kanwa ya ture shi, sai ƙwayoyin yumɓu su warwatse, takin ya narke, wani ya bi ruwa, wani ya taso ya bushe a saman ƙasa kamar baƙin ɓawo.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa zuba taki kaɗai ba ya gyara ƙasar kanwa. Wajibi ne a fara haƙa magudana, a zuba jibsam domin kalsiyam ɗinsa ya kori sodiyam, a wanke da ruwa, sannan a kai taki. Idan ba haka ba, wahalar manomi ta tafi a banza.