Daga Gero Zuwa Jini: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Yau mun leƙa ɗakunan binciken da ake karanta DNA da RNA, kuma kayan da muka saba gani a garin Karare ne a kan tebur.

Baƙaƙe huɗu kacal, A da C da G da T, aka jera har sau biliyan 3 a DNA ɗin ɗan'adam. Karatunsa na farko ya ci shekara 13, daga 1990 zuwa 2003, amma yau na'ura kan gama cikin kwana ɗaya ko biyu. Zamani riga!

Da aka karanta na gero a 2017, an samu ƙwayoyin gado wajen 38,000, alhali na mutum kusan 20,000 ne. A gaida na cikin rumbu!

Wuta-wutar da ke cinye gonar dawa ba ta tsaya ga shan ruwa da abincinta ba, an ma kama ƙwayar gadon dangin dawa a jikinta. Ɓarauniya da kaya a hannu!

Rogon ƙasar Batsari da itacensa ake dasawa, don haka kowane sabon tushe kwafin uwarsa ne sak. Asalinsa kuwa, in ji DNA, Kudancin Amurka ne. Baƙo ya zama ɗan gari!

Yawancin manya a duniya madara na ɓata musu ciki, amma Fulani da yawa na ɗauke da canjin harafi ɗaya da ke narkar da ita har tsufa, irin wanda ke jikin Turawa. A ƙaro ƙwarya daga dajin Rugu!

Ƙwayar cutar shan inna da RNA take tafe. Da ta ɓulla a Borno a 2016, karatun ya nuna jikar wadda aka gani ce a 2011, tana ta yawo a ɓoye. Rana dubu ta ɓarawo!

Sikila ma harafi ɗaya ce, T a gurbin A. Mai kwafi ɗaya kan samu kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, mai biyu kuwa shi ke kwana da ciwon ƙashi. Samari da 'yan mata, a yi gwajin jini tun kafin a kai lefe!