Ɓeraye, Baƙin Hayaƙi da Ciwon Asma

Masu fama da asma ba sa bukatar likita ya gaya musu cewa hayaƙi da ƙura na tayar musu da ciwo. Tambayar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya ta fi wannan zurfi: gurɓatacciyar iska tana tsokano ciwon da dama yana kwance ne kawai, ko kuwa da hannunta a dasa shi tun farko? Ba dama a tara yara a ɗaki a bulbula musu hayaƙi don a gani. Dole aka koma kan ɓeraye.

Abin da ake tuhuma shi ne PM2.5, wato ɓurɓushin da faɗinsa bai wuce maikuromita 2.5 ba. Silin gashi guda ya ninka shi kauri kusan sau 30. Manyan ƙwayoyin ƙura, gashin hanci da majina kan tare su, a fyace a huta. Ƙananan kuwa zarcewa suke yi har ƙuryar huhu. Suna fitowa daga salansar manyan motoci, da janareta, da murhun itace, da bolar da aka cinna wa wuta.

Ɓera ba ya kamuwa da asma haka kawai, sai an koya wa jikinsa. Akan yi masa allurar wani sinadari na farin ƙwai, ko a ɗiga masa a hanci abin da aka tato daga mitsitsin ƙwarin da ke zama cikin katifa da matashi. Bayan 'yan makonni, garkuwar jikinsa sai ta fara yaƙar wannan abu da ba ya cutarwa, wato ya kamu da alaji ke nan. Sai a kasa ɓerayen: wasu a ba su sinadarin zalla, wasu ɓurɓushin hayaƙi zalla, wasu a haɗa musu biyun. A ƙarshe a ɗauraye huhunsu da ruwan gishiri a ƙirga ƙwayoyin garkuwar da suka taru, a kuma auna yadda hanyoyin numfashinsu ke saurin tsukewa.

A Japan aka fara ganin abin a fili. A shekarar 1986, Muranaka da abokan aikinsa a Tokyo suka nuna cewa ɓeran da aka gauraya wa sinadarin ƙwai da ɓurɓushin hayaƙin dizal ya fi samar da IgE, sinadarin garkuwa da ke kunna alaji. A 1997 Hirohisa Takano da tawagarsa suka zuba wannan haɗi kai tsaye cikin maƙogwaron ɓeraye. Huhun da ya sha biyun ya cika da fararen ƙwayoyin jini masu haddasa kumburin asma, ƙwayoyin da ke samar da majina kuma suka ƙaru, fiye da abin da ko wanne ya haifar shi kaɗai. Ashe hayaƙin ingiza mai kantu ruwa yake yi: ya zuga garkuwar jiki ta far wa abin da da ba za ta kula shi sosai ba, faɗan kuma ya ƙare a kan huhu.

Dalilin yana jikin ɓurɓushin. Cikinsa baƙin gawayi ne, amma a bayansa akwai ragowar man da bai gama ƙonewa ba da ɗigon ƙarafa. Da sun sauka kan tattausar fatar da ta shimfiɗe cikin hanyoyin numfashi, sai su ƙona ta, su sassauta haɗin ƙwayoyinta. Abin da ke jawo alaji ya sami kafar kutsawa, fatar da ta ji rauni kuma ta aika da saƙon neman ɗauki. Bangon hanyar numfashi ya kumbura, majina ta toshe hanya, naman da ke kewaye da bututun iska ya ɗame. Shi ne sarƙewar numfashin da uwa ke ji a ƙirjin ɗanta da tsakar dare.

Ƙurar hamada ma an gwada ta. Takamichi Ichinose ya yi aiki da ƙurar da iska ke kwasowa daga hamadun Sin da Mongoliya zuwa Japan, ya ga tana tsananta kumburin alaji a ɓeraye. Da aka gasa ta don ƙone ƙwayoyin cuta da sauran dattin da suka manne mata, sai ƙarfin nata ya ragu. Wannan darasi ya shafe mu, domin hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi yakan iske hayaƙin garuruwanmu ya gauraya da shi.

Gaskiya ne ɓera ba mutum ba ne, kuma sau da yawa akan ba shi ɓurɓushi mai yawa cikin ɗan lokaci. Sai dai abin da aka gani a mutane bai saɓa ba. A 1999 David Diaz-Sanchez na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya fesa wa masu sa kai wani sinadari da jikinsu bai taɓa haɗuwa da shi ba. Waɗanda aka ba shi zalla ba su samar da IgE a kansa ba, amma fiye da rabin waɗanda aka haɗa wa da ɓurɓushin dizal sun samar. A Landan kuma, a 2020, mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar da cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe Ella Adoo-Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara 9 da asma ta yi ajalinta a 2013.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ke da asma a 2019. A 2021 ta rage ma'aunin PM2.5 na shekara daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne ɓarnar tana ja da baya idan an gyara: a kudancin Kalifoniya, da iska ta yi tsabta, huhun yara ya fi girma da kyau, sababbin masu kamuwa da asma kuma suka ragu.

Saboda haka maganin shaƙa kaɗai ba zai raba mu da wannan ciwo ba. A nisanta janareta daga tagar ɗakin kwana, a fitar da murhu sarari, a sauke goyo kafin a hura wuta, a daina ƙona bola a tsakiyar unguwa. Hukumomi kuma su kafa na'urorin auna iska a birane, su riƙa sanar da jama'a sakamakon kullum, su kuma hana motocin da ke tuttuɗa baƙin hayaƙi bin titunan da ke gaban makarantu.