Masu buɗe kwaɗo ba da mabuɗi ba: Wasan da ya hana maƙera barci

A shekarar 1790, wani maƙeri ɗan Ingila mai suna Joseph Bramah ya ajiye wani kwaɗo a tagar shagonsa da ke titin Piccadilly a birnin Landan. Ya rubuta cewa duk wanda ya buɗe shi ba da mabuɗinsa ba, za a biya shi gini 200, wato fam 210, kuɗin da lebura na wancan zamani zai yi shekaru yana fama bai tara ba. Bramah ya rasu a 1814, ya bar kwaɗonsa a kulle. Shekara sittin da ɗoriya babu wanda ya ci wannan kuɗi.

Sai a 1851, lokacin da aka yi babban baje kolin duniya a Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya zo tallar makullan kamfanin Day and Newell na birnin New York. Dabarar tallarsa ita ce ya nuna wa mutane cewa makullan da suka dogara da su ba su kai yadda suke zato ba. Ya fara da na kamfanin Chubb, wanda Jeremiah Chubb ya ƙirƙira a 1818. Abin taƙamar wannan makulli shi ne yana tona asirin ɓarawo: da zarar an sa masa baƙon ƙarfe an ɗaga wani abu a cikinsa fiye da kima, sai ya cije, mai gida ya dawo ya gane an taɓa masa ƙofa. A gaban shaidu, Hobbs ya buɗe shi cikin kimanin minti 25. Daga nan ya juya kan kwaɗon Bramah, ya yi awa 51 a kansa cikin kwana 16, har ya buɗe. An yi ta gardama a kan yadda ya yi, amma daga ƙarshe alƙalan da aka naɗa suka ce a biya shi. Gaba da gabanta.

Hankalin masu bankuna da 'yan kasuwar Ingila ya tashi, kuma nan take aka fara muhawarar da har yau ba a gama ba: shin daidai ne a bayyana raunin makulli a bainar jama'a? Hujjar ɓangaren Hobbs, wadda ta fito a wani littafi kan ƙirar makullai a 1853, ita ce ɓarayi sun riga sun san abin da ake ɓoyewa, domin sana'arsu ce, kuma suna koya wa junansu. Wanda aka bari a duhu shi ne mai dukiyar da ya sayi makullin.

Abin da ke cikin kwaɗo

Yawancin kwaɗuna da kubobin da ke ƙofofinmu a yau jikokin ƙirar Linus Yale ƙarami ne, wanda ya yi mata rajista a Amurka a 1861, ya kuma inganta ta a 1865. Shi ya kawo ɗan siririn mabuɗin nan mai haƙora da kowa ya sani. Tushen dabarar kuwa daɗaɗɗe ne, don tun zamanin da mutanen Masar suna yin sakatar katako mai 'yan turakun da ke faɗawa cikin ramuka su riƙe ta.

Idan aka tsaga kwaɗo biyu, za a ga wata zuciya ta tagulla mai siffar gora, wadda ramin mabuɗi ya ratsa. Ita ce ke juyawa ta saki sakata. A samanta akwai ramuka, galibi biyar ko shida, da suka zarce har cikin gangar jikin kwaɗon. Kowane rami na ɗauke da 'yan ƙusoshi biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan sifirin yana danna su ƙasa. In babu mabuɗi, ƙusar sama takan tsaya rabi a cikin zuciyar, rabi a gangar jiki, ta hana juyawa. Ƙusoshin ƙasa kuwa tsayinsu ya bambanta. Aikin haƙoran mabuɗi shi ne su ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwadon da mahaɗar ta ƙasa da ta sama za ta zo kan iyakar zuciyar da gangar jiki. Duka biyar suka daidaita, zuciya ta juya.

A lissafi, rami biyar da zurfin haƙori iri goma za su ba da mabuɗi 100,000 daban-daban. Da sai an gwada su ɗaya bayan ɗaya, da babu mai wahalar da kansa. To amma babu injin da ke huda ramuka biyar a kan layi ɗaya cif, ba ko gezau. Dole wani ya karkace da abin da bai kai kaurin gashi ba. Saboda haka in aka ɗan murɗa zuciyar a hankali, ƙusa ɗaya ce za ta fara cijewa, kamar mutum biyar da suka ɗauki gungume a ka, wanda ya fi tsawo shi nauyin ke fara sauka a kansa. Mai buɗewa yakan lalubo wannan ƙusa da siririn ƙarfe, ya ɗaga ta har ya ji ɗan ƙas a yatsunsa, zuciyar ta ɗan gusa, nauyin ya koma kan ta gaba. Matsalar da ta kamata ta zama dubu ɗari sai ta zama ƙananan matsaloli biyar, ana warware su bi da bi. Idon mutum ba ya ganin komai a cikin ramin. Yatsu ne ke gani.

Yadda maƙera suka mayar da martani

Matakin farko shi ne yaudarar yatsun. Aka ƙera ƙusoshi masu siririn ƙugu, da masu zara-zaran tsaga a jiki. Irin waɗannan sukan maƙale a kan iyaka, zuciyar ta gusa kamar an yi nasara, alhali ƙusar na nan ta tokare. Gwanaye sun koyi gane wannan ƙarya, don haka manyan kamfanoni suka sauya ƙirar baki ɗaya.

Kamfanin Medeco, da aka kafa a jihar Virginia ta Amurka a 1968, ya sassaƙe bakin ƙusoshinsa, ya kuma yanka haƙoran mabuɗi a karkace. Ɗaga ƙusa kawai bai isa ba, sai an juya ta ta fuskanci wani ɓangare, sannan wata sanda da ke kwance a gefen zuciyar za ta sami inda za ta shige. Kulli biyu ke nan a rami ɗaya. Mul-T-Lock na Isra'ila, wanda ya fara a 1973, ya sa ƙusa a cikin ƙusa, mabuɗinsa kuma maimakon haƙora 'yan ramuka ne a bayansa. Kamfanin EVVA na Austiriya yana da ƙirar da ke aiki da maganaɗisu da aka dasa a jikin mabuɗi.

Wanda ya fi burge masana shi ne Abloy na ƙasar Finland. A 1907 wani makaniki mai suna Emil Henriksson yana gyaran injin lissafin kuɗi na kanti, sai ya lura da yadda faya-fayan cikinsa ke juyawa, ya ga za a iya yin makulli da su. A cikin Abloy babu ƙusoshin da sifirin ke dannawa. Jerin faya-fayai ne, kowanne da tsaga a gefensa. Mabuɗi na juya kowane faifai zuwa kusurwarsa, sai tsagogin su jeru, sanda ta faɗa ciki. Wannan ne ya sa yake jure ƙura da tsananin sanyi, ya kuma sa kayan buɗe kwaɗo na yau da kullum ba sa cin sa.

Daga sana'a zuwa wasa

Sha'awar wasa da makulli ba yau ta fara ba. Sarkin Faransa Louis na 16 yana da maƙera a fadarsa ta Versailles inda yake ƙera makullai. Masanin kimiyya Richard Feynman, lokacin da ake aikin bam ɗin nukiliya a Los Alamos, ya riƙa buɗe akwatunan takardun sirri na abokan aikinsa don ya nuna musu sakacinsu. Amma zamanin intanet ne ya mai da abin wasan jama'a. A 1991 wani ɗan littafin koyarwa mai ɗauke da sunan jami'ar MIT ya fito, ya bazu ta kwamfuta. A 1997 Steffen Wernéry da abokansa suka kafa ƙungiyar masu wannan wasa a Jamus, sannan Barry Wels da wasu suka kafa irinta mai suna TOOOL a Holan. Yanzu ana gasa, ana auna daƙiƙoƙi, akwai ma masu ba da ɗamara daga fara zuwa baƙa kamar 'yan kareti. A taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON da ake yi a Las Vegas duk shekara, ana ware wuri musamman don koyar da shi.

Masu wannan wasa suna da ƙa'ida biyu da ba a wasa da su. Ba ka taɓa kwaɗon da ba naka ba sai da izinin mai shi. Ba ka kuma gwada hannu a kan kwaɗon da ake amfani da shi, ko da naka ne, domin kana iya lalata shi. Doka ma tana da bakin magana: Japan ta hana riƙe irin waɗannan kayan ba tare da dalili ba tun 2003, a Ingila kuma laifi ne a kama mutum da su a waje da niyyar sata.

Abin da suka tono ba kaɗan ba ne. A 2003 Matt Blaze, masanin tsaron kwamfuta, ya nuna cewa a gine-ginen da ke da babban mabuɗi mai buɗe kowane ɗaki, mai mabuɗin ɗaki guda zai iya gano babban da 'yan gwaje-gwaje kaɗan. Masu sana'ar makulli suka fusata, suka ce ai sun daɗe da sanin haka, wanda shi ne ainihin ƙorafinsa. A 2004 aka nuna bidiyon buɗe kwaɗon keke na Kryptonite da gorar biro, dole kamfanin ya musanya wa mutane kwaɗuna kyauta. A 2005 'yan TOOOL suka nuna a talabijin ɗin Holan yadda wani mabuɗi na musamman, in an ɗan buga shi, yake sa ƙusoshi su yi tsalle kwaɗo ya buɗe. Daga nan aka ƙara ƙera masu jure bugu. A 2008 Marc Weber Tobias da Tobias Bluzmanis suka fitar da littafi kan raunin Medeco kansa, makullin da ke tsaron gine-ginen gwamnatin Amurka.

Masu suka na cewa wannan koya wa ɓarayi sata ne, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya: abin da aka sa a YouTube, na kirki da na banza duk suna kallo. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin da ya san kayansa na da rauni ya ci gaba da sayarwa, shiru na amfanarsa ne shi kaɗai.

Me ake saya in an sayi kwaɗo?

Masana harkar ba sa cewa ga makullin da ba ya buɗuwa. A ma'aunin UL 437 na Amurka, abin da ake nema daga makulli mai ƙarfin tsaro shi ne ya jure wa gwani na minti goma. Lokaci ake saya, da ƙarar da ɓarawo zai yi, da tsadar kayan aikin da zai buƙata. Akwai kuma fa'idar da ba a cika lura da ita ba: mabuɗin manyan makullai ba a yanka shi a kowane shago sai an nuna katin mallaka, don haka yaron shago ko tsohon ɗan haya ba zai yi kwafinsa a ɓoye ba.

Wannan lissafi ya shafi duk mai shago a kasuwar Kwari ko ta Sabon Gari. Ɓarawon dare ba shi da haƙurin laluben ƙusoshi. Zarto da rodi sun fi masa sauri. Kwaɗo mai tsada a jikin marataya mai laushi, ko ƙofar da ake iya zare ƙusoshin ɓangaren da take juyawa, asarar kuɗi ce. Kafin mutum ya tambayi sunan kamfani, ya duba kaurin wuyan kwaɗon da yadda aka rufe shi, ya duba ƙofar da bangon da ke riƙe da ita, ya san mutum nawa ke da mabuɗi, sannan ya tambayi kansa: a cikin mintunan da kwaɗon zai jure, wa zai ji, wa kuma zai zo?