Gidan Kyarketai: Tarihin Filin Ƙanƙarar Sudbury

A birnin Sudbury da ke arewacin lardin Ontario na ƙasar Kanada, duk sanda 'yan gida suka zura ƙwallo a raga, sai kukan kyarkeci ya cika ɗakin wasan. In ka ɗaga kai, ga kyarkecin nan yana sulalowa a kan waya daga ƙasan rufi, ya nufi bencin baƙi. Ba abin roba ba ne. Na gaske ne, fatarsa aka gyara aka cika da kaya har ya tsaya kamar mai rai. Baƙo ya gani ya yi dariya, amma ɗan gari ba ya son a yi masa wasa da shi.

Sudbury garin masu haƙar ma'adinai ne, kimanin kilomita 400 arewa da Toronto. Wajen shimfiɗa layin dogo a 1883 aka ci karo da duwatsu masu ɗauke da tagulla da nikel, daga nan kamfanoni irin su Inco da Falconbridge suka kafa sansani, ma'aikata suka kwararo daga Italiya da Finlan da Yukiren. A watan Janairu sanyi yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Mutumin da ya wuni a cikin rami, ya fito ya tarar rana ta faɗi, yana buƙatar wurin da zai je ya ga mutane ya yi ihu. Wasan hokin ƙanƙara ne ya ba shi wannan wurin.

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Mutum shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna masu lanƙwasa. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Ƙanƙarar ita ce abin kallo. Ƙarƙashinta daɓen siminti ne da aka binne bututai a ciki, ruwa mai tsananin sanyi yana zagayawa. Sai a riƙa fesa ruwa a kan daɓen kaɗan-kaɗan yana daskarewa, a shafa farin fenti, a zana layuka ja da shuɗi, a sake rufewa da ruwa. Duk kaurinta kimanin santimita 3 ne kawai. A tsakanin zanguna wata mota mai suna Zamboni takan shigo ta kankare saman da takalma suka farfasa, ta bar ruwan zafi a bayanta, ya daskare sumul. Shi kuwa faifan, a firiza ake ajiye shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle.

Tun kafin a gina ɗakin wasan, garin ya yi suna. A 1932 samarin Sudbury suka ɗauki Kofin Memorial, kofi mafi daraja a gasar matasan Kanada, wanda aka fara bayarwa a 1919 don tunawa da waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Cikinsu har da Toe Blake, wanda daga baya ya zama gagarabadau a ƙungiyar Montreal Canadiens. A 1938 kuma ƙungiyar Sudbury Wolves, wato Kyarketan Sudbury, ta wakilci Kanada a gasar duniya a birnin Prague ta dawo da zinare.

An buɗe Sudbury Community Arena a 1951 a kan titin Elgin, daura da tashar jirgin ƙasa, a tsakiyar gari. Shekarun bayan yaƙi ne, ana neman nikel ruwa a jallo, garuruwan Ontario suna ta gina irin waɗannan ɗakuna. Na birnin Kitchener ma a shekarar aka buɗe shi. Na Sudbury yana ɗaukar 'yan kallo sama da 4,500, kuma mallakar hukumar birni ne, ƙungiya haya take yi.

Ƙungiyar da ake kallo a yau ta samo asali ne a 1972, lokacin da Bud Burke ya sayi ƙungiyar Niagara Falls Flyers ya maido da ita arewa, ta gaji sunan Kyarketai. Tana buga gasar OHL, ɗaya daga cikin manyan gasannin matasa uku na Kanada. A nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya. 'Yan wasan yara ne 'yan shekara 16 zuwa 20. Ƙungiyoyi ke zaɓar su bi da bi, don haka yaro yana iya tashi a kudancin lardin ya wayi gari an ce Sudbury za shi. Sai a sauke shi a gidan wasu iyalai, su ci da shi, su tashe shi makaranta, kusan irin riƙon da muka sani. Wasa 68 ne a kaka guda, daga Satumba zuwa Maris, ga doguwar tafiya a bas cikin dusar ƙanƙara, don abokan karawa da yawa suna can kudu. Kowanne burinsa babbar gasar NHL, amma kaɗan ne ke kaiwa. Daga wannan ɗakin Randy Carlyle da Mike Foligno da Marc Staal suka fita. Quinton Byfield ma a nan ya goge, kafin Los Angeles Kings ta ɗauke shi a matsayi na biyu a zaɓen 2020, matsayin da babu baƙar fatan da ya taɓa kaiwa kafin shi.

Kofi fa? Shiru. Tun 1972 Kyarketai ba su taɓa cin gasar ba. Sun kai wasan ƙarshe a 1976 Hamilton ta doke su, suka sake kaiwa a 2007 Plymouth ta hana su. Duk da haka ba a daina zuwa ba. A ganina dalilin a fili yake: yaran sukan yi shekara uku ko huɗu su wuce, ginin ne ke zaune, kuma kaka da jika sun zauna a kujeru ɗaya.

Shi ya sa da tsufa ya kama ginin, maganar maye gurbinsa ta zama rigima. Hanyoyin cikinsa matsattsu ne, masu keken guragu suna shan wahala, manyan mawaƙa suna tsallake garin. A 2017 kansiloli suka amince a gina sabo a bayan gari, a kan hanyar Kingsway, tare da otal da gidan caca, a filin da mai ƙungiyar, Dario Zulich, ke da hannu a ciki. 'Yan kasuwar tsakiyar gari suka ce ba su yarda ba, don daren wasa ne ke kawo musu ciniki. Wasu kuma cacar ce ba sa so. Aka yi ta shari'a, kuɗin aikin yana hawa, daga dalar Kanada miliyan 100 ya kai miliyan 215. A Yulin 2022 majalisar birnin ta janye.

A Afrilun 2024 aka sake zama, aka amince da kashe miliyan 200 don gina sabon ɗaki, wannan karon a tsakiyar gari, 'yan taku kaɗan daga tsohon. Shekara bakwai aka ɓata da ninkin kuɗi kafin a dawo unguwar da aka baro.