Danne jirgi da nauyi don tayar da tudun ruwa a wasan wekbod

Wasan wekbod, wanda ya bunƙasa a Amurka tun daga shekarun 1980, wasa ne da mutum yake tsayawa a kan wani gajeren allo mai faɗi da aka ɗaure masa a ƙafafu, ya riƙe igiya, ƙaramin jirgin ruwa mai inji yana jan sa a kan tafki. Abin da ya bambanta shi da tsohon wasan zamiya a kan ruwa, inda ake so ruwan bayan jirgi ya kwanta lumui, shi ne a nan ɗan wasa yana neman tudun ruwan da jirgi yake tayarwa a bayansa, domin shi yake hawa da gudu ya tashi sama, ya juya ko ya yi alkafura, kafin ya sauka a ɗaya gefen. Gwargwadon girman tudun da kyawun siffarsa, gwargwadon daɗewar ɗan wasa a iska, kuma wannan buƙata ce ta kai masu jirage ga wata dabara da a ido take kama da wauta, wato ƙara wa jirgi nauyi da gangan.

A 1985 Tony Finn, wani matashi a San Diego ta jihar Kalifoniya, ya fito da allon da ya kira Skurfer, a daidai lokacin da Jimmy Redmon yake ƙera irin nasa a Texas, sannan a farkon shekarun 1990 Herb O'Brien ya kawo allon Hyperlite, wanda ya fi na baya sirantaka da sauƙin tashi daga cikin ruwa. Sai dai jiragen da ake da su a lokacin an ƙera su ne don wasan zamiya, injinsu a tsakiya, ƙasansu a shimfiɗe, don kada su tayar da ruwa. Masu wasa suka riƙa cika su da abokai da buhunan yashi da darma, har kamfanoni irin su Correct Craft da MasterCraft da Malibu suka gane inda kasuwa ta dosa, suka mayar da inji can baya, suka zurfafa cikin jirgi, suka kuma gina tankunan ruwa a ƙarƙashin daɓensa.

Dalilin da ya sa nauyi yake girmama tudun ruwa yana cikin wata tsohuwar ƙa'ida da ake dangantawa da Arkimidis, masanin nan na Girka, wadda ta nuna cewa duk abin da yake shawagi a kan ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Tun da lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jirgin da aka ƙara wa kilo 500 zai nutsa har sai ya ture ƙarin lita 500, kuma idan ya soma tafiya a haka, ramin da gangar jikinsa take yankawa a cikin ruwa yana ƙara zurfi. Ruwan da aka ture yana dawowa da ƙarfi don ya cike ramin, sai ya taso ya zama tudu biyu da suke buɗewa hagu da dama a bayan jirgi. Wannan nauyi da ake ɗora wa jirgi don a danne shi ake kira balas, kuma manyan jiragen teku sun daɗe suna amfani da shi don daidaita zamansu a ruwa. Sabon abu a nan shi ne amfani da shi don tayar da tudun ruwa.

Iri biyu na balas ne suka fi yawa. Na farko ruwan tafkin da kansa, wanda famfunan lantarki suke zuƙowa ta ƙasan jirgi su zuba a tankuna ko a manyan jakunkunan roba masu kauri, waɗanda masu wasa suka saba kira da sunan wani samfuri, Fat Sac. Jiragen zamani sukan fito daga kamfani da wurin ɗaukar sama da tan ɗaya na ruwa, manya daga cikinsu har kusan tan biyu. Na biyu shi ne jakunkunan darma ko na ƙwayoyin ƙarfe, waɗanda suke da amfani saboda ƙanƙantarsu, domin darma ta ninka ruwa nauyi fiye da sau goma sha ɗaya, ana iya cusa ta a lungun da jakar ruwa ba za ta shiga ba. Duk da haka ruwa ya fi dacewa ta fuska biyu. Ana zubar da shi idan an gama wasa, jirgi ya koma sakayau kafin a ɗora shi a tirela, alhali darma tana nan daram tana cin mai tana wahalar da tayoyi. Sannan idan tsautsayi ya sa ruwa ya cika jirgi, jakar ruwa ba ta da wani nauyi a cikin ruwa, ita kuwa darma ƙasa za ta ja shi.

Inda gwanintar take shi ne wurin ajiye nauyin, kuma a nan ne mafi yawan sababbin shiga suke tafka kuskure, don sukan ɗauka cewa a tara komai a baya shi ne magani. Nauyin baya yana sa tudu ya yi tsayi da tsauri, ya riƙa cilla ɗan wasa sama tsaye, amma idan ya yi yawa goshin jirgi yana ɗagewa har direba ya kasa ganin gabansa, jirgi ya daɗe bai hau saman ruwa ba, wani lokaci ya riƙa sukuwa yana ɗaga kai yana bugawa, bakin tudun kuma ya farfashe ya zama kumfa. Nauyin gaba yana sassauta gangaren tudun ya tsawaita shi, abin da ya fi dacewa da mai koyo. Shawarar da ta yaɗu a tsakanin masu wasa ita ce a fara da kimanin kashi 60 cikin ɗari a baya, 40 a gaba, daga nan a riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan, domin kowace gangar jirgi da halinta. Hagu da dama ma haka: idan gefe ɗaya na tudun yana kumfa ɗayan yana sumul, alama ce jirgi ya karkata, kuma sau da yawa mutum ɗaya ya koma zama a gefen da yake kumfar ya isa ya gyara. Fasinjoji, a taƙaice, suna cikin lissafin balas.

Gudu da tsawon igiya suna tafiya tare da nauyi. Yawanci ana jan ɗan wekbod a gudun kilomita 30 zuwa 38 a awa, da igiya mai tsawon mita 17 zuwa 23, kuma duk lokacin da aka ƙara nauyi sai an ɗan ƙara gudu kafin bakin tudun ya tsabtace. A wani wasa ɗan'uwansa, inda ake sakin igiya a bi tudun kusa da jirgi a gudun da bai wuce kilomita 19 ba, da can karkatar da jirgi ake yi gefe ɗaya da nauyi, har Malibu ta fito da Surf Gate a 2012, wasu fikafikai a bayan jirgi da suke karkatar da ruwa ba tare da an kwantar da jirgin ba.

Kowane kilo da aka ƙara yana da farashi. Inji yana shan mai da yawa yana kuma wahala, shi ya sa ake canja farfela da wadda karkatar fikafikanta ba ta da yawa, wadda take ba da ƙarfin ja amma ta rage iyakar gudu. Jirgi mai nauyi ba ya tsayawa da wuri, ba ya juyawa da sauƙi, kuma tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa ta ragu. Hatsarin da aka fi sani yana faruwa ne idan ɗan wasa ya faɗi, direba ya juya da gudu don ya ɗauke shi, ya yi karo da tudun da shi kansa ya tayar, ruwa ya kwararo ta goshi. Abin da ya dace shi ne a sassauta gudu sarai, a bari raƙuman ruwan su wuce, sannan a juya a hankali. Dokar tarayya a Amurka ta wajabta wa ƙananan jirage masu gangar jiki ɗaya da ba su kai ƙafa 20 ba su ɗauki tambarin da ya nuna iyakar nauyin da za su ɗauka, kuma jakar da mai jirgi ya ƙara da hannunsa tana cikin wannan iyaka, daidai da mutane da kaya. Duk wanda ya san labarin kwale-kwalen da lodi yake kifarwa a Kogin Neja ya riga ya san wannan lissafi. Akwai kuma hayaƙin inji mai ɗauke da kabon monoksayid, iskar da ba ta da wari ko launi, wadda take taruwa a bayan jirgi idan yana tafiya a hankali gindinsa a nutse.

Tafkin ma yana biyan nasa kason. Manyan raƙuman ruwa suna zaizaye gaɓa, suna jijjiga gadojin katako da ƙananan kwale-kwale, farfelar jirgin da goshinsa ya ɗaga kuma tana tona laka a wuri marar zurfi. Binciken da ɗakin gwaji na St. Anthony Falls a Jami'ar Minnesota ya fitar a 2022 ya nuna cewa irin waɗannan jirage suna buƙatar nisan sama da ƙafa 500 daga gaɓa kafin raƙumansu su lafa zuwa matsayin na jiragen yau da kullum a nisan ƙafa 200. Tankunan balas kuma ba sa tsiyayewa ƙaf, kuma ragowar ruwan da ke cikinsu yana iya ɗaukar 'ya'yan wata ƙaramar halitta mai ɓawo, dangin ƙumba mai zane irin na jakin dawa, daga wannan tafki zuwa wancan. Ita wannan halitta, da aka gano a Tafkin St. Clair na Arewacin Amurka a 1988, ruwan balas na jiragen teku ne ya kawo ta daga Turai, kuma tana toshe bututun ruwa tana ƙwace abincin halittun gida. Saboda waɗannan dalilai jihar Vermont ta kafa ƙa'ida a 2024 da ta taƙaita wasan ga wuraren da suke da nisan ƙafa 500 daga gaɓa, zurfin ƙafa 20, da faɗin eka 50 a haɗe.

Ga mai koyo, babban tudu ba ya koyar da komai sai faɗuwa mai zafi, domin tashi sama ya dogara ne a kan yadda ɗan wasa yake yankar ruwa da gefen allonsa da kuma yadda yake riƙe igiya. Ya kamata mai jirgi ya fara da tankunan da kamfani ya sa, ya ƙara nauyi a hankali bisa ƙwarewar wanda ake ja, kada ya wuce abin da aka rubuta a tambarin jirginsa, ya kuma zubar da ruwan balas a tafkin da ya ɗebo shi kafin ya tafi wani.