In Agogonka Ya Tsaya, Kada Ka Yi Gaggawar Buɗe Shi

Ma'aikacin da ya tashi da safe ya tarar agogon hannunsa ya tsaya tun ƙarfe uku na dare, abin da yakan fara yi shi ne ya bubbuga shi a tafin hannu. In bai tashi ba, sai ya nemo reza ya ɓalle murfin baya. To, daga nan ɓarna take somawa, domin sau da yawa ciwon agogo mai wani ƙarami ne, mai shi ne ke mayar da shi babba.

Tun da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon kwatz mai batir a watan Disamba na 1969, kasuwar mai wani ta ja da baya, amma har yanzu akwai masu ɗaura wanda suka gada a wurin iyaye. Ƙarfinsa duka yana cikin wani sifirin da ke nannaɗe. Yana warwarewa a hankali yana tura ƙafafu masu haƙora, wata ƙafa kuma mai kai da komo, wadda ke da siririn sifirin kamar gashi, ita ce ke daidaita bugun, sau 5 ko 6 a daƙiƙa.

Da farko dai a cire shi daga hannu, a duba ko kan wanin ya zaro, domin wasu agoguna suna tsayawa in an jawo shi. Sa'an nan a wana shi sannu a hankali har ya yi tauri, a dakata. Mai wana kansa kuwa, irin Seiko 5 da aka fara yi a 1963, motsin hannu ne abincinsa, kuma abin da yake ajiyewa bai cika wuce na awa 40 ba. Saboda haka wanda ya tuɓe nasa ran Juma'a da yamma, ya tarar ya tsaya ran Litinin, ba shi da wata ƙara da zai kai. Da yawa daga cikin tsofaffin irinsa ba sa wanuwa da hannu, sai a yi ta kaɗa su hagu da dama kamar minti ɗaya.

Jama'a sukan ce wani ya yi wa agogo yawa shi ya sa ya tsaya. Ba haka ba ne. In sifirin ya cika amma agogo ya ƙi tafiya, galibi man da ke cikinsa ne ya bushe, ko ƙura ta shiga, musamman da hunturu. In kuwa mai wanin hannu ne, ana ta murzawa bai yi tauri ba, akwai alamar sifirin ya tsinke. Wanda ya faɗi ƙasa, ya koma yana tafiya a kwance yana tsayawa in an karkata shi, mai yiwuwa tsinin ƙafar nan mai kai da komo ne ya karye.

Maganaɗisun lasifika ko na jakar wayar hannu yakan sa agogo gudu fiye da kima, wani lokaci ya tsaya. A kusanta shi da kamfas. In allurar ta karkata sosai, ya kamu, kuma warware shi aikin 'yan mintoci ne ga mai na'urar.

Ruwa shi ne ba ya jira. Wanda ya yi alwala da agogo, ya ga raɓa a ƙarƙashin gilashi, ya kai shi wurin mai gyara a ranar, kafin tsatsa ta ci ƙafafun. Kada a ɗiga masa man keken ɗinki ko kananzir, ko da wa ya ba da shawarar.

Akwai masu ƙin zuwa wurin gyara don tsoron a sace duwatsu 17 ko 21 da aka rubuta a fuskar agogo. Yaƙutu ne na masana'anta da aka dasa don rage gogayya, ba su da wani kuɗin kirki. Abin da ya fi dacewa mai agogo ya yi shi ne ya yi ciniki tukuna, ya nemi a kwance a wanke a sa sabon mai, kuma a miƙo masa duk tsohon ƙarfen da aka ce an canja.